Yadda Za Ka Kai Barmu da Hasken Rana, Kai da Ragonka

Kai mai babur ɗin lantarki, kai da batirinka yake mutuwa tun ana hango ka daga bakin gari, share hawayenka. Hanyar da zan koya maka an gwada ta, an ga ƙarshenta. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, na yi maka alkawari za ka isa duk inda ka nufa a ƙasar Adar ba ka sayi ko ɗigon esansi, wato fetur, ba. Lokacin isarka ne kawai ban sa a cikin alkawarin ba.

Kada ka tambaye ni ko na taɓa hawa irin wannan babur. Ban taɓa ba, kuma masana da yawa haka suke. Amma katangata ɗaya da Mushe Almustafa, malamin makaranta (Mushe ake ce wa malamin boko a nan), mutumin Tasawa da aiki ya kawo Tahoua, kuma ni na riƙe masa ƙafafun rago ranar da ya tashi. Sauran labarin daga bakinsa na ji, wani kuma daga bakin waɗanda suka gan shi a hanya, don shi akwai wuraren da yake tsallakewa. Duk abin da ya yi, shi za ka yi.

Mataki na 1: Ka nemi tafiyar da ba ta jira

Kada ka gwada pano ɗinka a kan tafiyar banza, irin zuwa kasuwa ko gaida aboki. Pano, in ba ka sani ba, shi ne faifan nan baƙi mai sheƙi da ake shimfiɗawa a rana ya tara wuta, kuma na masu tafiya naɗe shi ake yi kamar darduma. Abu mai daraja haka sai tafiyar da in ka makara ba ta da gyara.

Almustafa ya sami irinta. Matarsa Hanifa ta tafi haihuwar fari gidan iyayenta, wani ƙauye can gaba da Barmu, ta sauka lafiya, an sami mace. Tun ranar da aka yi masa albishir suna ɗaya ne a ransa, sunan mahaifiyarsa. Ita ce ta riƙa tashinsa da asuba tana tura shi lekol, makarantar boko, da ɗumame a ƙunshe, ta rasu shekarar da zai gama karatu, ba ta taɓa ganinsa da alli a hannu ba. Shi kuwa tunda ya yi wayo bai taɓa furta sunanta ba, don ɗan kirki ba ya kama sunan uwarsa. Ko Hanifa "Inna" kawai ta sani. Ya ƙudura zai faɗe shi sau ɗaya a rayuwarsa, a kunnen liman, da safiyar suna.

Ya kira surukinsa Malam Alƙasum, ya fara kewaye-kewaye ko za a iya kara wa liman salula a kunne ranar. Tsohon ya katse shi.

"Mushe, suna ba gaisuwa ba ce da za a aiko cikin salula. Ko ka taho da bakinka, ko ka aiko mutum mai baki. In liman ya tambaya ban ga kowa ba, ni ina da suna aje."

Wannan sunan da ke ajiye kowa ya san shi. Na mahaifiyar Malam Alƙasum ne, kuma gidan ya riga ya cika da masu shi. Akwai Babba, akwai Ƙarama, akwai Doguwa, akwai wadda laƙabi ya ƙare kafin a zo kanta, ake ce mata Ta Bayan Rumbu. Hanifa ta karɓi wayar, ta rage murya, ta ce, "Kai dai ka taho da wuri, Mushe."

Kafin a kashe, ya jiyo tsohon daga nesa yana tambaya ko da moton nan zai zo, wanda ba ya shan esansi ba ya cin ciyawa. Da aka ce masa da shi ne, sai ya ce to a gyara amalanke, don a kanta za a kawo su su biyu. Almustafa ya ji wannan magana, kuma ta zauna masa a wuya.

Mataki na 2: Kada ka cika batir a gida

Mai pano ba ya roƙon wutar gari. In ma ka yi niyyar roƙa, bazara za ta taimake ka, don lokacin ne ake kawo wuta a ɗauke kafin fanka ta gama juyi. Almustafa ya jona babur tun yamma, gari ya waye ana gobe suna, batir bai kai rabi ba. Ya dubi 'yan sandunan da ke fuskar babur masu nuna caji, ya ɗaga kai ya ga ranar Adar ta fito tun da sassafe da niyyar mugunta, sai ya yi murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba.

"Bon," in ji shi. "Ga kuran can sama, ba mai ɗauke shi."

Kuran dai shi ne wutar lantarki. Ka haddace wannan magana, don ita ce ginshiƙin ilimin gaba ɗaya. Mai shagon da ya sayar masa da pano ma haka ya ce, sai dai shi mai shagon da motar kasuwa yake zuwa garinsu.

Mataki na 3: Ka ɗora duk abin da ya sami wuri

Za ka ji wasu suna cewa nauyi yana cinye batir. Masu faɗin haka ba su da surukai.

Ba a zuwa suna hannu rabbana. Almustafa ya rataye goro da dabino a gaba, ya danna buhun shinkafa tsakanin ƙafafunsa, ya ɗora turmin atamfa da sabulu a kai, ya goya pano a baya da majanyi, sannan muka kinkimo rago. Ƙaton rago ne ɗan kiwon gida, wanda bai taɓa sanin wahala ba, muka ɗaure shi a kwando fuskarsa tana kallon baya. Ya bar Tahoua yana kallonta yana kuka.

Kada ka raina amfanin rago. Irin wannan babur ba ya ƙara, saboda haka kaji da awaki da tsofaffi ba sa kauce masa. Rago yana maganin wannan ba tare da ya taɓa batir ba.

A kan kwalta komai ya tafi daidai, iska tana kaɗa rigar Mushe, yana ɗaga wa mutane hannu. Da suka sauka kan jar ƙasa, sanda ɗaya ta tafi ba sallama. Da suka shiga yashi, wata ta bi ta. Kafin rana ta take tsaka, babur ya koma tafiyar mai ciwon baya, a bakin wani ƙauye mai ƙaton gawo kuma ya tsaya cak.

Mataki na 4: In batir ya mutu, ka tabbata a garin mutanen kirki ya mutu

Nan ne gwaninta take. Ka kwance pano, ka shimfiɗa shi yana fuskantar rana sosai, ka tokare shi da duwatsu, ka goge fuskarsa da hankici, ka jona waya. Almustafa ya yi duk wannan a tsanake, yana sane da cewa dattawan da ke ƙarƙashin gawo sun daina hira suna kallonsa. Babbansu, Malam Hasan, ya yafito shi.

"Baƙo, mi kake nema cikin rana? Taho inuwa."

Ya je inuwa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi mutanen Tahoua, aka tambayi zafi, aka koma kan gajiya. Sai ga ƙwaryar fura ta fito daga cikin gida, mai sanyin randa, an dama ta da nono har ludayi yana tsayawa. Wanda ya taɓa shan irin wannan fura da tsakar ranar bazara ya san abin da ke biyo baya. Almustafa ya ce bari ya ɗan jingina, yana lissafi a zuci yadda wuta ke kwarara cikin batir, har lissafin ya koma minshari.

Da ya farka, filin da ya shimfiɗa pano babu komai sai duwatsu. Ya waiwaya, sai ga pano an naɗe shi tsaf an jingine a gindin gawo, inda inuwa ta fi kauri, an naɗe wayar an ɗora a kai. Babur yana cikin zaure. Rago an kwance shi, an ba shi ruwa da harawa, ya manta da Tahoua.

"Mun ga madubinka cikin rana har ya yi zahi ba a taɓawa," in ji Malam Hasan, yana murmushin wanda ya fita kunya. "Munka ce garinmu ba a barin kayan baƙo haka. Sai a zage mu."

Abin da za ka ce a nan shi ne, "Allah ya saka da alheri." Almustafa ma haka ya ce.

Mataki na 5: Ka yi bayani dalla-dalla

Malami malami ne ko a bakin hanya. Almustafa ya sami kara, ya zana rana a ƙasa, ya zana pano, ya ja kibiya daga wannan zuwa wancan. Ya ce abin nan rana yake ci, inuwa kuwa yunwa ce gare shi. Ya maimaita, ya tambaya ko an gane, kamar yadda yake yi a aji.

An gane. Abin da ya cuce shi ke nan.

"Ashe kuran na," in ji Malam Hasan. "To a gaya ma mutane."

Aka mayar da pano rana da girmamawa, har ana rige-rigen ɗauka. Kafin Mushe ya jona babur, salula ta farko ta iso, ta wata dattijuwa da ɗanta yake Abijan, tun sati ya zagayo ba ta ji muryarsa ba. Wa zai hana ta? Bayanta ga ta mai gari, ga tocilan ladan, ga rediyon Malam Hasan da kansa, wanda furarsa take cikin Almustafa a lokacin. Pano yana da 'yan ƙananan bakuna na cajin waya a gefe, kuma mutanen garin sun gano su tun kafin a nuna musu.

Haka rana mafi kyau ta wannan yini, wadda take tsaye a tsakiyar kai, ta shige cikin salulolin ƙauyen. Dattijuwar ta sami ɗanta, ta yi kuka, ta ba shi Mushe su gaisa. Ɗan ya ce in Mushe ya zo Abijan ya neme shi.

Mataki na 6: Ka ce amin

Ka tuna ƙarshen bazara ne. Manoma sun share gonaki, wasu sun riga sun binne iri a busasshiyar ƙasa, ido yana gabas. In azahar ta same ka a irin wannan gari, kai baƙo ne, sahun gaba za a tura ka.

Bayan sallama liman ya ɗaga hannu, ya roƙi Allah ya rufe musu wannan rana, ya haɗo hadari daga gabas, baƙi, mai nauyi, yau ba gobe ba. Masallaci ya ɗauka da amin. Almustafa ya motsa leɓe kawai. Na kusa da shi ya juyo ya dube shi, sai ya ce amin da ƙarfi, har ya fi kowa.

Suna fitowa, gabas ta yi duhu. Dattawa suka riƙa shafa kafaɗarsa suna cewa baƙon nan ƙafarsa da albarka. Ruwa dai bai sauka ba, ko yayyafi. Hadarin ya zo ne kawai ya tsaya tsakanin pano da rana, kamar wanda aka aiko. Almustafa ya ɗaure kayansa, ya mayar da rago kwando, ya tashi da ɗan abin da batir ya lasa, garin gaba ɗaya ya rako shi har bayan gari.

Mataki na 7: In suruka ta same ka a hanya, ka sunkuyar da kai

Ɗan abin da batir ya lasa ya kai su wani fako da babu gida babu rijiya, sai ƙaya da tsakuwa. Nan Allah ya ji tausayinsa, hadari ya yaye, ranar la'asar ta fito fes. Babu dattawa, babu salula, babu liman. Ya shimfiɗa pano, ya jona, ya ga 'yar fitilar caji ta kama, ya zauna kusa da ita yana kallonta kamar mai jinya.

Sai ya ji ƙarar amalanke. Jaki ne yake jan ta, an lafta mata tukwane da ƙore da itace, a sama kuma wata tsohuwa ce zaune da tsumagiya a hannu. Tun kafin ta iso ya gane ta. Gwaggo Jummai ce, yayar Malam Alƙasum, wadda take aure a wani gari, ta nufi gidan suna da kayan girki. Ya cire takalmi, ya durƙusa a kan tsakuwa mai zafi.

"Wa nike gani kamar mijin Hanifa? Mi ya same ka nan, Mushe? Mai ya ƙare?"

"Ba ya shan mai, Gwaggo. Rana yake sha."

"To ai ya sha ya ƙoshi. Dibi yadda yay yi zahi."

Ta sauko, ta ce dama jakin yana son hutu. Ta zagaya pano tana girgiza kai. Ta ce yaran zamani ba su san tattali ba, sabon abu mai tsada a bar shi rana ta kashe masa launi. Ta kwance ƙullinta, ta zaro zane mai kauri, ta lulluɓe pano tun daga kai har ƙafa, ta danne gefuna da duwatsun da shi ya tara. 'Yar fitilar ta mutu a kan idonsa.

Ga Malam Hasan an iya zana rana a ƙasa. Ga yayar surukinka ba a zana komai. Ba a ce mata ta yi kuskure, ba a ɗaga zanen da ta shimfiɗa da hannunta, ba a ma ɗaga ido. Almustafa ya ce, "An gode, Gwaggo," yana kallon yadda inuwarsa take ƙara tsawo a ƙasa.

Ta yi alwala, ta yi la'asar a natse, ta yi lazimi, ta fasa goro. Sannan ta tambaye shi me ya hana shi aiko wani da sunan ya huta, tunda haihuwar fari ce. Ya ce sunan ba ya aikuwa. Ta ce wane irin suna ne wannan. Ya ce na mahaifiyarsa ne.

"Allah shi jiƙan ta," in ji Gwaggo Jummai. Ba ta ƙara tambaya ba, sai ta shiga hira irin ta tsofaffi, wadda ba ta da kai ba ta da gindi. Ta ce ita ma ta san matan gabas, tun zamanin da mijinta yake fataucin albasa. Ta san wata Hadizatu mai tuwo a Maraɗi, hannunta da albarka. Ta san wata Zainabu mai faɗa. Akwai wata Mardiya da ta ci mata amanar tukunya. Akwai wata Raƙiya, mace mai haƙuri.

Almustafa ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, alhali ba ƙura a jiki. Rabon da ya ji an kira wannan suna a kusa da shi tun ranar jana'iza, kuma bai san zai yi masa zafi haka ba. Tsohuwa ba ta ko dube shi ba, ta wuce kan wata Azumi da wata Larai, har ta gaji ta miƙe.

"To tashi mu ɗora moton bisa amalanke, ka zamna nan gehena."

Ya hango kansa yana shiga garin surukai a saman tukwane, gwiwarsa tana gugar ta yayar Malam Alƙasum, Malam Alƙasum kuma yana tsaye a ƙofar gida. Ya ce, "Batir ya kusa cika, Gwaggo. Ki yi gaba, yanzu zan wuce ki."

Ta dubi zanen da ke kan pano, ta dube shi. Ta ce to ya ba ta ragon ko ya rage masa nauyi, da shinkafar da goron. Ta yaye zanenta ta naɗe, ta hau, ta taɓa jaki. Rago ya tafi yana kallon baya, wannan karon bai yi kuka ba.

Mataki na 8: Ka sani rana tana faɗuwa

Wannan sirri ne da masu sayar da pano ba su cika faɗa ba. Kullum take faɗuwa, kuma ba ta duba uzurin kowa.

Abin da ya rage bayan tafiyar Gwaggo Jummai jar rana ce mai sanyi, wadda ko ɗanyen kaya ba ta busarwa. Almustafa ya karkata pano, ya ɗaga shi, ya bi ta da shi har kan wani tudu, ta shige ta bar shi tsaye. Daga nan sai turi. A nan za ka gano cewa babur ɗin lantarki yana da wata baiwa, ko batir ya mutu nauyinsa ba ya raguwa. Ya tura har ƙafafun malamin makaranta suka ce sun gama, wasu makiyaya suka ba shi tabarma da shayi, asuba na yi ya ci gaba.

Sirri na biyu kuma shi ne, suna da sassafe ake yi, kafin rana ta yi ƙarfin da pano zai san ta fito.

Mataki na 9: Ko ta yaya, ka shiga gari a kan babur

Ya wuce Barmu yana turi, yana amsa sannu. Rana ta ɗaga kaɗan lokacin da ya hau tudun ƙarshe, ya hango rumbunan garin su Hanifa da taron mutane a ƙofar gida. Kafin ya sauke numfashi, iska ta kawo masa guɗa, doguwa, wata ta karɓa, wata ta ƙara. Ya san me ake wa guɗa a irin wannan lokaci. A lissafinsa, liman ya tambaya, ba a ga kowa ba, an fito da sunan da ke ajiye.

Ya zauna a bayan tudu. Baƙin ciki ya kama shi sosai, kuma ba da rana yake ba, ba da hadari ba, ba da Gwaggo ba. Ya san an ba shi wuri a amalanke, girman kai ya hana shi hawa. Abu ɗaya ya so ya yi wa matar da ta tura shi lekol, ya sayar da shi don kada wani tsoho ya yi masa dariya.

To amma wanda ya rasa komai bai kamata kuma ya shiga gari yana turi ba. Ya shimfiɗa pano a kan tudun, ba wanda ya naɗe, ba wanda ya rufe, ya zauna har hantsi ya dubi ludayi... a'a, har hantsi ya yi sosai dai, sanda ɗaya ta fito. Ya kakkaɓe riga, ya gyara hula, ya hau. Babur ya gangara shiru abinsa, ya kai shi ƙofar gidan Malam Alƙasum daidai, ya mutu a nan.

Taro ya watse, saura dangi. Rago yana rataye an feɗe. Almustafa ya cire takalmi ya durƙusa, yana jiran abin da zai ji. Malam Alƙasum ya taso da kansa, fuskarsa cike da fara'a, ya juya ga 'yan'uwansa.

"Kun gani ko? Yaran yanzu, sai ka ga uban ɗiyar hwari zamne tsakar mutane shina rabon goro, ba kunya ba ta ido. Wanga kau ɗan boko na, amma ya san al'ada. Ya aiko rago, ya aiko suna ta bakin babba, shi kuma yal laɓe bayan tudu har anka watse. Tun ɗazu muke hangen madubinshi na walƙiya, munka ce a bar shi, kunya ta."

Dattawa suka ce madalla, irin wannan suruki ya yi wuya yanzu. Almustafa yana durƙushe, kalma ɗaya ce take masa yawo a ka. Wane suna? Ta bakin wa?

Sai labulen zaure ya ɗaga. Gwaggo Jummai ta fito da jaririya a naɗe cikin zanen nan mai kauri, wanda ya sani sarai. Ba ta dube shi ba. Ta sunkuya kan 'yar, ta buɗe mata fuska, ta ce da ita a hankali:

"Raƙiya, buɗe ido ki ga ɗanki. Ya sha hanya, amma ya iso."

Almustafa ya cire tabarau. Wannan karon bai iya ko gogewa ba, ya riƙe shi kawai a hannu.

"Haka yay yi jiya," in ji Gwaggo Jummai ga ƙanenta.

Malam Alƙasum ya yi gyaran murya, ya dubi wani wuri. Idonsa ya sauka kan pano da ke goye a bayan surukinsa, sai ya ce a karɓi madubin Mushe a kai ɗaka, kada rana ta taɓa shi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin batir da ya mutu, ko ƙafa da ta kumbura, ko hadari da ya taso bayan ka ce amin da bakinka. Ba shi da alhakin fura. Bai yi alkawarin kowace hanya tana da Gwaggo Jummai ba, in taka ba ta da ita, ka hau amalanken farko da aka yi maka tayi. Babur ɗin Mushe har yanzu yana zauren Malam Alƙasum, a inuwa, ana kula da shi sosai, shi kuwa da motar kasuwa yake zuwa ganin Inna, don haka yake kiran 'yar, kuma bai furta sunan ba har yau. In ka bi matakan nan ka makara, kada ka buga mini ƙofa. In kuma ka isa a kan lokaci, to wani mataki ka tsallake, wannan ma ba ruwana.